Tambaya da Amsa: Laburarenmu da Zancen Aron Littafi

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda laburare zai taimaki ɗan'uwansa laburare, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na ɗan rage tsawon wasu saboda fili, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne ina digiri na biyu a fannin tarihi, sufabaizana ya ce in je wata jami'a a wata jiha in duba kundaye biyu da aka rubuta a kan masarautarmu, na ci bashi na hau mota na isa, amma a bakin ƙofar laburare aka ce ba zan shiga ba tunda ba ni da katinsu, na nuna katin makarantarmu suka ce bai yi ba, haka na juyo gida ko bangon kundin ban gani ba. Shin dama haka dokar take? Ba duk na gwamnati ba ne? Daga wani ɗalibi a Gusau.

AMSA: Ɗana sannu, wallahi na ji zafin wannan wasiƙa taka, don na san abin da kuɗin mota yake nufi a aljihun ɗalibi yanzu. Amma mai gadin nan bai yi maka ƙarya ba, katin makarantarku shi kaɗai ba ya shigar da kai laburaren wata jami'a. Abin da ke shigar da kai takardar gabatarwa ce, kuma daga ofishin shugaban laburaren jami'arku za ta fito zuwa ga takwaransa na can, ɗauke da sunanka da lambarka da batun da kake bincike a kai da kwanakin da kake so ka yi. Wannan tsohuwar al'ada ce tsakanin laburaren jami'o'in ƙasar nan, kuma har yanzu tana aiki, matsalar dai ba a gaya wa ɗalibai, sufabaiza ya ce maka jeka kawai, ka je ka sha rana. Idan ka kai takardar za su ba ka izinin zama ka karanta a ciki, ba za su bar ka ka fita da littafi ba, kundin digiri kuwa ko ɗalibinsu ba ya fita da shi, ka tafi da littafin rubutunka da biro, kuma ka tambaya tun farko ko an yarda a ɗauki hoton shafi da waya don wasu sun yarda wasu sun hana.

Kafin ma ka sake taka tasha ga abin da nake so ka yi. Ka shiga laburarenku ka nemi teburin da ake amsa tambayoyin masu bincike, ka ba ma'aikacin sunan marubucin kundin da shekarar da sashen da aka yi shi, ka roƙe shi ya tuntuɓi abokin aikinsa na can ya tabbatar kundin yana kan kanta. Mutanen nan sun san juna fiye da yadda kake zato, ƙungiyarsu ta ma'aikatan laburare ta Najeriya tun 1962 take, suna haɗuwa a taro duk shekara, da yawansu ajinsu ɗaya a Zariya ko Kano ko Maiduguri, kiran waya ɗaya zai iya hutar da kai tafiyar kwana biyu. Sannan ka duba intanet, jami'o'i da dama sun fara zuba kundayensu a rumbun adana na yanar gizo, mafi yawa a kan manhajar DSpace, Jami'ar Ahmadu Bello na cikin waɗanda suka daɗe da yin haka, ka iya tarar da abin da ka je nema yana nan zaune ana sauke shi kyauta.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne tambayarka ta ƙarshe, ba duk na gwamnati ba ne? Na gwamnati ne mana, da kuɗin jama'a aka saye su. A inda abu ya zauna daidai ai littafin ne ke yin tafiya, ɗalibi na zaune, ka cika fom a laburarenka su aro maka daga wancan, ko a yi sikanin babin da kake so a turo. A nan ma an san wannan tsari, ana koyar da shi a aji, amma a aikace ya yi rauni ƙwarai, saboda aika littafi ta gidan waya ya zama kasada, kuma babu wani kuɗi da aka ware don aikawa da dawowa, sannan babbar matsalar ita ce wannan laburaren bai san abin da wancan yake da shi ba. Abin da ya rage mana shi ne sanayya, wanda ya san wani a biya masa buƙata, wanda bai san kowa ba ya juyo daga bakin ƙofa kamar yadda ka juyo, kuma ni a wurina wannan ba daidai ba ne ko kaɗan.

TAMBAYA: Malam ni malamar sakandare ce, garinmu akwai laburaren jiha amma littattafan ciki sun girmi yaran da nake koyarwa, wasu ma sun girme ni, ga kuma wata babbar makaranta a gefen gari an gina mata sabon laburare da kwamfutoci da sola, yaranmu ko leƙawa ba sa yi. Me ya hana a haɗa kai ne? Daga wata malama a Azare.

AMSA: Malama Allah ya saka miki da alheri da kika damu da yaran nan. Abin da ya raba su aljihu ne, kowanne da inda yake cin abinci. Manyan makarantun gwamnati, jami'a da poli da kwalejin ilimi, suna samun tallafin asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi na 1993, kuma a cikin kason da ake ba su akwai na laburare, shi ya sa kike ganin sabon gini da kwamfuta. Shi kuwa laburaren gari yana ƙarƙashin hukumar laburare ta jiha, dokar asusun nan ba ta shafe shi ba, abin da jiha ta ga dama ta ba shi da shi zai rayu, kuma a wurare da yawa in an biya albashi shi ke nan an gama, kuɗin sabon littafi sai dai a ji a kasafi.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne iyayenmu sun yi abin da muke ta kira yanzu. An buɗe laburaren Jihar Arewa a Kaduna a 1952, kuma aikinsa bai tsaya a Kaduna ba, akwatunan littattafai ake cikawa a aika wa ɗakunan karatu na En'e da makarantu a larduna, in an ɗan jima a karɓo a musanya da wasu, littafi ɗaya ya zaga gari da yawa kafin ya tsufa. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967 aka raba kayan tsakanin jihohin Arewa shida, daga baya jihohi suka yi ta ƙaruwa, kowace ta ja nata ta rufe ƙofa, zagayawar ta mutu. Maƙwabtanmu na Nijar suna da irin wannan a ɗakunan karatun da ake kira CLAC, waɗanda ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta taimaka aka kafa a ƙananan garuruwa, an tsara su ne rukuni rukuni yadda wasu kayan za su riƙa zagayawa daga wannan ɗaki zuwa wancan.

To me za ki iya yi ke da kanki? Ki sa shugaban makarantarku ya rubuta wa shugaban laburaren babbar makarantar nan takarda, kada a nemi abu mai yawa da farko, a nemi ranar Asabar ɗaya a wata a kawo 'yan aji shida da malaminsu su zauna a ɗakin kwamfuta su koyi yadda ake amsa jarrabawar JAMB a kan na'ura, domin akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da hannunsu ya taɓa linzamin kwamfuta, ki ga yaro ya san amsa sarai amma hannu na rawa lokaci na tafiya. Lokacin hutu ma ɗakunan nan a buɗe suke ba kowa. Bayan haka akwai littattafan da laburaren babbar makaranta ke da kwafi biyar ko goma, ko tsohon bugu da aka sauke daga kanta aka jibge a sito, ana iya ba laburaren gari aronsu na zango guda a rubuce, a sa hannu.

Kuma kada ki ɗauka laburaren gari ba shi da abin bayarwa. Sau da yawa a can ne za ki samu tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, da rahotannin gwamnatin jiha, da ƙananan littattafan Hausa da malaman gari suka buga da kuɗinsu, abubuwan da ɗalibin jami'a zai yi ta nema bai samu ba. Doka ta 1970 ta ce duk wanda ya buga littafi ya kai kwafi 3 Babban Laburaren Ƙasa, in gwamnatin jiha ce ta buga ta kai 10, in ta tarayya ce ta kai 25, amma marubutanmu na Hausa da yawa ba su ma san da ita ba, don haka wani littafin in ba a kantar laburaren garinku ba babu shi a ko'ina. In za a zauna maganar haɗin kai mutanen laburaren gari su shiga da wannan a hannu, ba bara suka je ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni lakcara ne a wata kwalejin ilimi, duk maƙalar da na nema a intanet sai a ce in biya dala talatin ko arba'in, makarantarmu kuma ta ce ba ta da kuɗin rajistar mujallu. Wani aboki a jami'a ya ce zai ba ni fasuwod ɗinsu, ya halatta? Daga wani malami a Kontagora.

AMSA: Malam ka bar fasuwod ɗin nan, in kamfanin ya ga ana shiga daga wuraren da ba a yi yarjejeniya da su ba rufe wa jami'ar gaba ɗaya zai yi, ka jawo wa abokinka da dubban ɗalibai asara. Akwai hanyar halal kuma tana da faɗi. Ka tambayi shugaban laburarenku ko kwalejin ta yi rajista da Research4Life, shiri ne da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi da manyan kamfanonin buga mujallu don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, HINARI na lafiya tun 2002, AGORA na noma 2003, OARE na muhalli 2006, ARDI na kimiyya da ƙere-ƙere 2009, sai GOALI na shari'a 2018, makaranta ce ke yin rajista ba mutum ɗaya ba, wasu ƙasashe kyauta wasu kuma kuɗi kaɗan a shekara. Sau da yawa makaranta na da shi, takardar na cikin durowar wani ofis ba wanda ya sani. Ga kuma shafin intanet na AJOL da ke tara mujallun Afirka tun 1998, da shafin DOAJ mai jerin mujallu inda duk abin da ke ciki kyauta ne. In duk ba ka samu ba ka rubuta wa marubucin maƙalar kai tsaye, yawanci da murna suke turowa.

Maganar babu kuɗi kuwa, maganinta watanda ne. Mutum ɗaya ba zai iya sayen bijimin sa ba, sai mutum goma su haɗa kuɗi su saya, to haka laburare ashirin ko hamsin ke haɗuwa su je wa kamfani da murya ɗaya a yi ciniki a rage musu, har ma ya fi watanda daɗi don a nan ba a yanka san a raba, kowa san gaba ɗaya yake samu. Shugabannin laburaren jami'o'inmu sun taɓa kafa irin wannan haɗaka mai suna NULIB, abin da ke kashe irinta kullum shi ne wasu su biya nasu kason wasu su yi shiru, ga dala na tashi. Ku a kwalejoji ba abin da ya hana na jiha ɗaya ko shiyya ɗaya su fara nasu.

TAMBAYA: Ina da ƙanwa makauniya tana aji biyu a jami'a, littattafan kwas ɗinta babu ko ɗaya da za ta iya karantawa, mu ke karanta mata da dare. Akwai taimako? Daga wata baiwar Allah a Jos.

AMSA: Akwai 'yata. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017, da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, sun ba da dama a mayar da littafi zuwa rubutun makafi ko sauti ko fayil ɗin da kwamfuta ke karantawa da murya ba tare da an jira izinin mai littafin ba, kuma hukumomin da aka amince da su suna iya musayar irin waɗannan kwafi. Ma'ana in wata jami'a ta riga ta yi wa littafin wannan aiki ba sai an sake ba. Ta je wurin shugaban laburare da jerin littattafan a rubuce, ta nemi a tambayo mata, haƙƙinta ne.

TAMBAYA: Malam mun gaji littattafan kakanmu rubutun hannu, Larabci da ajami, sun kai buhu biyu, wasu mutane sun zo sun ce daga jami'a suke za su tafi da su su adana. 'Yan'uwa sun rabu biyu, wasu na cewa a bayar wasu na cewa gado ne. Mene ne shawararka? Daga wani magidanci a Damagaram.

AMSA: Alhaji, Allah ya jiƙan malam ya sa aljanna ce makoma. Duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, kuma akwai hanyar da ba sai an ɓata zumunci ba. Kada takarda ko ɗaya ta fita daga gidan nan sai kun ga wasiƙar hukumar da ta aiko su da hatiminta, kun kuma bincika da kanku. In sun tabbata na gaskiya ne ku ce su zo da kyamara su ɗauki hoton kowane shafi a gabanku, asali ya zauna a gida, su tafi da hoto, ku ma a ba ku naku kwafin, a rubuta yarjejeniya da ta faɗi sunan mai littattafan da wanda aka yarda ya gani da ko an yarda a sa a intanet. Shirin Laburaren Birtaniya na ceto tsofaffin takardu, wanda aka fara a 2004, a kan wannan ƙa'ida yake tafiya, asali ba ya barin ƙasarsa.

In kuma kun ga gidan ba zai iya riƙe su ba, ɗaki na yoyo ko gara ta fara shiga, to ajiya a hukuma ta fi. A wajenku akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wanda tushensa tarin da marigayi Boubou Hama, marubuci kuma masanin tarihin Nijar, ya yi ne. A wannan gefen akwai Gidan Arewa a Kaduna da aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ana iya bayarwa a matsayin amana, mallaka na hannunku, a ƙirga a rubuta a ba ku takarda. Ni abin da na fi so shi ne hoton ya zauna a wuri biyu ko uku, har da tsallaken iyaka, domin malaman Damagaram da na Kano da Katsina ai littattafai ɗaya suka karanta suna kwafa daga juna, wani littafin rabinsa na wajenku rabinsa na nan, sai an haɗa hotunan ake gane haka. Kuma mun ga abin da ya faru a Timbuktu, a farkon 2013 'yan bindiga suka ƙona dubban rubuce-rubuce a cibiyar Ahmed Baba, mafi yawan abin da ya tsira shi ne wanda mutanen gari suka riga suka kwashe a ɓoye zuwa Bamako.

Kafin nan ku fitar da su daga buhu yau ɗin nan, musamman in na leda ne don yana tara gumi. Kada a liƙa wa wadda ta yage salatif, kada a yi musu laminatin, kada a jera shafukan da suka warwatse bisa zato, ku duba ƙasan shafi za ku ga kalma ɗaya da marubucin ya ajiye a gefe, ita ce kalmar farko ta shafi na gaba, da ita ake gane jeri. Wanda ke cikin gafaka a bar shi a gafakarsa, sauran a naɗe da farin ƙyalle mai tsabta a ɗora a kan katako nesa da ƙasa da bango.

TAMBAYA: Ni ƙaramin ma'aikaci ne a laburaren jiha. Na kawo shawarar mu riƙa musayar littattafai da poli ɗin garinmu, oga ya ce in muka ba da aro ba za su dawo ba, kuma shi za a tuhuma ranar da masu binciken kaya suka zo. Ya zan shawo kansa? Daga wani ma'aikaci a Birnin Kebbi.

AMSA: Ƙanena ogan naka ba mugunta yake yi ba, kowane littafi da lambarsa a rajista kuma wuyansa ne a ciki, don haka kada ka fara da maganar fitar da littafi. Fara da jeri. Ku rubuta abin da kuke da shi, suna da marubuci da shekara da lambar kanta, ko a Excel ne, su ma poli su ba ku nasu, wannan ba ya ɓatar da ko shafi ɗaya kuma daga ranar za ku iya ce wa mai karatu babu a nan amma akwai a can. In hannu ya yi muku kaɗan ku nemi ɗaliban fannin laburare da ke zuwa aikin koyon sana'a na SIWES da masu bautar ƙasa, sashen fannin laburare na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kaɗai tun 1968 yake koyar da su, kullum suna neman wurin da za su yi aikin gaske. In an samu kwamfuta da wuta sai a zuba jerin a Koha, manhaja ce ta kyauta da aka fara a New Zealand wajen 2000, laburare biyu na iya zama a kan guda ɗaya, kuma mutanen poli za su fi ku samun wanda ya iya girka ta.

Bayan jeri ya samu sai ka kai wa oga takardar yarjejeniya shafi ɗaya, laburare ne ke ara wa laburare ba mutum ba, littafi 20 a karon farko, mako huɗu, wanda ya ɓatar ya sayo sabo ko ya biya kuɗinsa na yau, banda ƙamus da kundaye da duk abin da kwafi ɗaya ne. Shugabannin biyu su sa hannu, a kai kwafi hukumar laburare ta jiha don ranar da masu bincike suka zo ya sami abin nunawa. Ka ɗauki nauyin kaiwa da karɓowa da kanka a watannin farko, ka riƙe littafin shiga da fita, ka rubuto mana yadda aka yi.